Wace Dabba Ce Ta Fi Wayo?

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a darasin adabin baka ya san yadda tatsuniya ta raba wa dabbobi matsayi. Gizo ne mai wayo, dila malamin daji, ita kuwa kura kullum ita ce wawuya, kwaɗayi ya kai ta ya baro. A wurinmu Yarbawa kunkuru ne gwanin wayo, haka ma a tatsuniyoyin Ibo. Tun daga nan za a ga cewa bakin al'ummomi bai zo ɗaya ba. To, masana kimiyya fa, me suka gano? Wannan maƙala za ta duba wasu gwaje-gwajen da aka yi wa dabbobi, domin a nuna cewa amsar tana bin ma'aunin da aka ɗauka, kuma sau da yawa ma'aunin na ɗan Adam ne.

Me ake aunawa?

Hausa ba ta tara al'amarin a kalma guda ba. Akwai wayo, wato iya cimma buƙata ko da ta hanyar yaudara. Akwai dabara, hanyar fita daga matsala. Akwai basira, saurin fahimta, sannan akwai hankali, wanda ya ƙunshi natsuwa da sanin ya kamata. Mutum yana iya zama mai wayo marar hankali. Idan har a kan mutum kaɗai sai da aka nemi kalmomi huɗu, da wuya a jera dabbobi a sahu ɗaya, daga na farko zuwa na ƙarshe.

Girman ƙwaƙwalwa ma bai raba gardama ba. Ta giwa takan kai kilo 5, ta mutum kuwa ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba. Ta hankaka 'yan giram ce kawai, amma a shekarar 2002 wata hankaka mai suna Betty, a Jami'ar Oxford ta Ingila, ta lanƙwasa waya ta mayar da ita ƙugiya, ta zaro abinci daga cikin bututu.

Dokin da ya iya lissafi

A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a Berlin ta ƙasar Jamus, sunansa Hans. Idan aka tambaye shi lissafi sai ya riƙa buga kofato har ya kai adadin amsar. A 1904 wani kwamiti ya bincika bai sami maguɗi ba. Daga baya Oskar Pfungst ya lura cewa dokin yakan faɗi idan mai tambayar bai san amsa ba, ko kuma idan an kare masa ido. Ashe jikin mutum yake karantawa: da zarar bugun ya kai adadin, mai tambaya yakan ɗan motsa kai ba tare da ya sani ba, sai dokin ya tsaya. Hans bai iya lissafi ba. Amma ya iya ganin abin da taron mutane suka kasa gani. An ba shi yabo a kan baiwar da ba shi da ita, aka manta da wadda yake da ita.

Gwajin madubi

A 1970 Gordon Gallup, wani masani a Amurka, ya fito da wannan gwaji. Ana shafa wa dabba launi a goshi ba da saninta ba, sannan a ajiye mata madubi. Idan ta kai hannu goshinta, an ce ta gane kanta ke nan. Birin cimfanzi ya ci gwajin. Giwa ta faɗi da farko, amma a 2006, da aka kafa wa giwaye uku madubi mai tsawon kusan mita biyu da rabi a gidan dabbobi na Bronx a birnin New York, ɗaya daga ciki mai suna Happy ta yi ta taɓa alamar da dogon hancinta. Ke nan madubin farko ne ya yi mata kaɗan.

Kare bai taɓa cin wannan gwaji ba. Sai dai kare da hanci yake sanin duniya. A 2017 Alexandra Horowitz ta gwada karnuka da wari maimakon hoto, ta ga sun fi daɗewa suna shinshinar fitsarinsu idan an gauraya shi da wani wari, alamar sun san nasu, sun kuma lura an taɓa shi. Da kare ne ya shirya jarrabawar, da wa zai faɗi?

Biri da kura

A 2007 masana a Jami'ar Kyoto ta Japan suka ba da rahoton wani ɗan cimfanzi mai suna Ayumu. Lambobi sukan fito a warwatse a fuskar kwamfuta na ƙasa da rabin daƙiƙa, sai a rufe su, shi kuma ya taɓa gurabensu a jere. Ya kayar da ɗaliban jami'a a wannan gwaji. Daga baya wasu mutane da suka daɗe suna maimaita aikin sun kamo shi, wanda ya nuna cewa horo ma yana cikin abin da ake aunawa.

Ita kuwa kura, tatsuniya ta zalunce ta. A wani bincike da Christine Drea da abokiyar aikinta suka buga a 2009, an rataye igiyoyi biyu waɗanda sai an ja su lokaci guda abinci yake faɗowa. Kuraye suka gane haka da wuri ba tare da an horar da su ba, alhali a irin wannan aiki cimfanzi yakan sha dogon horo. Dalili a fili yake: kura da taro take farauta, haɗin kai sana'arta ce.

Batun harshe

Nan ne abin ya fi shafar mu ɗaliban harshe. A 1973 Herbert Terrace ya fara koya wa wani cimfanzi maganar hannu irin ta kurame. An raɗa masa suna Nim Chimpsky, don tsokanar Noam Chomsky mai ra'ayin cewa harshe na ɗan Adam ne kaɗai. Nim ya koyi alamomi fiye da 100, amma a 1979 Terrace da kansa ya ce akasari kwaikwayon malamansa yake yi, babu ginin jimla a ciki. Haka kuma Irene Pepperberg ta shafe shekara 30, daga 1977 zuwa 2007, tana aiki da wani aku mai suna Alex, irin wanda ake samu a dazuzzukan kudancin ƙasar nan. Ya san kalmomin Ingilishi fiye da 100, yana bambanta launi da siffa, yana ƙirga abubuwa har shida.

Duk waɗannan harshenmu aka ɗora musu. Wasu masana sai suka juya, suka tafi daji su saurari dabba a gidanta. A gandun dajin Gashaka Gumti da ke Jihar Taraba, Kate Arnold da Klaus Zuberbühler sun nazarci wani biri mai farin hanci, suka buga sakamakon a 2006. Namijin yana da kira iri biyu, ɗaya kamar "piyau" wanda yakan yi idan akwai damisa, ɗaya kamar "hak" idan akwai gaggafa. Idan ya jera "piyau" sannan ya biyo da "hak", sai garken ya tashi ya kama hanya. Wato haɗa sauti biyu ya haifar da ma'ana ta uku. Wannan bai kai nahawu irin namu ba, amma da an tsaya a kan koya wa birin Ingilishi, da ba a taɓa jin sa ba.

Kammalawa

Ni da Hausa ba harshen uwa ba ce a gare ni, na san ɗacin irin wannan awo. A shekarata ta farko na je kasuwar unguwar Hausawa a garinmu, wani dattijo ya yi mini tambaya mai sauƙi. Na san amsar sarai da Yarbanci, amma bakina ya ƙi buɗewa. Ya dube ni da tausayi, na san abin da ya ɗauke ni. Rannan Hausata aka auna, ba hankalina ba.

Saboda haka, idan aka tambaya wace dabba ce ta fi wayo, a fara da cewa: wayon yin me, kuma wa ya shirya jarrabawar? A riƙe lambobi Ayumu ne gaba, a haɗin kai kura, a karatun jiki doki, a shinshina kare. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Aikin mai nazari shi ne ya koyi kukan tukuna, kafin ya ba da maki.