Idan Kunne Ya Yi Nauyi: Darasi Daga Hartum Da Umdurman

 Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filin lafiya na wannan mako. Mun sa shi a takarda da gangan, domin wanda maganar ta fi shafa shi ne wanda rediyo ba ta isa kunnensa. In kana da irinsa a gida ko a ruga, miƙa masa takardar nan, ko ka zauna gabansa ka karanta masa yana kallon bakinka.

A ce kai ne ka kai raƙuma ko shanu kasuwar Muwailih da ke yammacin Umdurman. Dillali ya faɗi kuɗi, ka ji rabi, kunya ta hana ka cewa ya maimaita, sai ka gyaɗa kai. An sallama, ka yi asara. Ko kuma a shingen bincike a ce ka tsaya, ba ka ji ba, ka ci gaba da tafiya. To ka ga a nan maganar ta wuce ta kuɗi, ta koma ta rai. Shi ya sa nauyin kunne ba abin wasa ba ne ga mai yawo a hanya.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2021 kan ji, ta ce mutum fiye da biliyan 1.5 ne ke da raunin ji kaɗan ko da yawa, daga cikinsu kimanin miliyan 430 na buƙatar taimako na musamman. Mafi yawansu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu.

Yadda kunne yake aiki

Kunne hawa uku ne. Akwai na waje, wato ramin da ƙara ke bi har ta bugi dodon kunne. Bayan dodon akwai ɗan ɗaki mai ƙananan ƙasusuwa uku da ke miƙa motsin ciki. Can ciki kuma akwai wani abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa da wasu 'yan gashi ƙanana ainun, su ne ke mayar da motsin ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa.

Ga amfanin sanin wannan. In matsalar a hawa na farko ko na biyu take, kamar dauɗar kunne da ta toshe hanya, ko ruwa a bayan dodo, ko dodon da ya huje, sau da yawa ana gyarawa ji ya dawo. Amma 'yan gashin nan na ciki in sun mutu ba sa sake tsirowa. Allura ba ta dawo da su, jiƙo ba ya dawo da su. Duk wanda ya ce zai sayar maka da maganin da zai tayar da su, kuɗinka yake so.

Me ke kashe ji a yankinmu?

Na farko sanƙarau. Sudan da Cadi da Nijar da arewacin Najeriya duk suna cikin zirin sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tashi daga ciwon nan da kurumta suke tashi. An fara rigakafin MenAfriVac a 2010 a Nijar da Mali da Burkina Faso, daga baya ya isa Sudan. Ƙyanda da hangum su ma suna taɓa ji, ƙyanda kuma tana da rigakafi a asibitocin yara. Makiyayi, in ka ji masu rigakafi sun sauka kusa da mashaya, kai yara.

Na biyu, kunnen yaro mai zubar da ruwa wata da watanni. Ana raina shi, alhali yana cin dodon kunne a hankali. Kada a ɗiga man shanu ko ruwan ganye, kada a sa tsinke ko gashin kaza. A goge bakin kunnen da ƙyalle mai tsabta, a hana ruwa shiga, a kai shi asibiti.

Na uku, magani. Allurai irin su gentamicin da streptomycin da kanamycin suna iya lalata ji har abada in aka sha su ba bisa ƙa'ida ba. Ku kula da kyau, makiyaya: wasu allurai na dabbobi da kuke yawo da su a jaka suna da streptomycin a ciki. Ta saniya ce, ba ta mutum ba. Kwinin kuma yakan sa kunne kuka, in ka ji haka gaya wa mai magani.

Na huɗu, ƙara. Injin niƙa, janareta, babbar mota, lasifikar biki, da abin sauraren da kake cusawa a kunne ka ƙure murya. Masana suna auna ƙara da ma'aunin desibel. In ta kai 85, awa 8 ne iyakar abin da kunne zai ɗauka a yini, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Ba ka da ma'auni? To, in sai ka yi ihu kafin wanda ke tsawon hannu da kai ya ji ka, wurin ya yi ƙara da yawa.

Akwai kuma tsufa, akwai gado. Auren zumunci da ake ta maimaitawa cikin dangi guda yana ƙara yiwuwar haihuwar kurma in abin yana cikin jini.

Sai abin da yaƙi ya kawo. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da faɗa ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, mutanen Hartum da Umdurman da Bahri suka yi ta kwana cikin rugugin bama-bamai. Fashewa kusa da mutum tana iya huda dodon kunne. Yawancin irin wannan huji yana rufewa da kansa cikin makonni zuwa wata 3, in an tsare shi daga ruwa kuma ba a ɗiga komai ba. In jini ko ruwa na fita, ko jiri ya kama ka, ko ji bai dawo ba, nemi likita. Haka kuma in ka wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, kada ka ce sai bayan cin kasuwa. Maganinsa a kwanakin farko yake aiki.

Ina ake zuwa?

A Hartum akwai asibitin gwamnati na kunne da hanci da maƙogwaro, da sassan kunne a manyan asibitocin koyarwa. Yaƙi ya rufe asibitoci da dama, likitoci suka watsu. Soja ya karɓe Hartum a watan Maris 2025, mutane suka fara komowa, ana ta farfaɗo da ayyuka. Saboda haka kafin ka biya kuɗin mota, sa wani ɗan'uwa na can ya gano maka wurin da ke aiki. Hausawa ba baƙi ba ne a Sudan, tun zamanin masu tafiya Makka a ƙasa da kafuwar Mai Wurno a bakin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, ba za ka rasa wanda zai raka ka ba. Wanda kuma hanyarsa ta fi kusa da gida, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da sashen kunne na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Abin da za ka nema shi ne gwajin ji. Za a leƙa kunnen, a sa maka abin saurare, ka riƙa ɗaga hannu in ka ji ƙara. Ba zafi, ba allura. Za a ba ka takarda mai zane. Adana ta kamar takardar shaidar tafiya, domin da ita ake saita na'ura a ko'ina.

Maganar na'ura

Mutanen Sudan suna ce mata samma'a. Ba ta warkar da kunne, ƙara maka sauti take yi daidai inda ka rasa. Shi ya sa ta Malam Wane ba za ta yi maka ba, kamar yadda tabaransa ba zai yi maka ba. Waɗanda ake shanyawa a tebur a kasuwa da araha suna kumbura kowace ƙara ne gaba ɗaya, har su iya ƙarasa ɗan jin da ya rage.

Ga mai tafiya, wadda ake ratayawa a bayan kunne ta fi ƙarko da sauƙin gyara. Kafin ka biya, tambayi abu uku: wa zai saita ta, ina za a gyara ta, wane batir take ci. Batiran lamba ne da launi: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Babban ya fi daɗewa. Suna da 'yar takarda a manne, kada ka ɓare sai za ka sa, don da ka ɓare ya fara ƙarewa. Sayi da yawa kafin ka shiga daji. Akwai kuma masu caji, sun dace da wanda ke da sola.

Maƙiyanta ƙura da gumi da zafi. Guguwar habub ta Hartum da hunturunmu duk ɗaya ne a wurinta. Goge ta kullum da dare, buɗe gidan batir, sa ta a gwangwani mai murfi. Cire ta kafin alwala da wanka. Kada ka bar ta a rana ko gaban mota. Batir kuma a ɓoye wa yara, in yaro ya haɗiye shi a ruga asibiti nan take.

Makonnin farko za ta dame ka. Za ka ji ƙarar takalmi da ta kwano kamar a kanka. Yi haƙuri, fara da awa kaɗan a wuri shiru, kana ƙarawa. Da yawa a nan suke jefa ta cikin jaka su ce ba ta yi ba. Ga yaron da aka haifa kurma ƙurmus kuma akwai aikin dashen na'ura a cikin kunne, yana da tsada, yana buƙatar horon magana na shekaru, kuma ya fi amfani in an yi shi da wuri. Don haka uwa, in jariri ba ya firgita da babbar ƙara, ko ya kai wata 6 ba ya juyowa in an kira shi, a kai shi gwaji.

Nemi 'yan'uwanka

Abin da ya fi ciwo a kurumta kaɗaici ne. Ana hira ana dariya, kai kana zaune kamar baƙo a gidanka. Kuramen Sudan sun daɗe da gane haka. Tun farkon shekarun 1970 aka kafa ƙungiyar kula da kurame ta ƙasa da makarantar Al-Amal a Hartum, da ƙoƙarin likitan kunne Dakta Taha Tal'at. Akwai kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyar kurame ta Sudan, wadda zuwa 2009 ta tsara maganar hannu ta bai ɗaya, domin kowane yanki da tasa. A Kano ma kurame suna da maganar hannunsu ta Hausa tun da daɗewa, har da sarautar sarkin bebaye, ga makarantar Tudun Maliki.

A wurin irin waɗannan za ka ji inda ake samun batir na gaskiya, da wanda ke gyara, da yadda wani ya ci gaba da sana'arsa. In garinku babu ƙungiya, mutum uku ma sun isa farawa, ku riƙa haɗuwa ranar kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ciniki, daina gyaɗa kai a kan abin da ba ka ji ba. Ce a buga maka kuɗin a waya ko kalkuleta ka gani da idonka. A hanya, yi tafiya da abokin da ya san halinka, ka riƙe 'yar takarda da Larabci da Faransanci mai cewa ba ka ji sosai, ka nuna ta tun daga nesa da shinge. A daji, kare mai kyau kunne ne na biyu.

Ku kuma iyali, ihu ba ya taimako. Ku taɓa kafaɗarsa, ku fuskance shi cikin haske, ku sauke rawani ko mayafi daga baki, ku yi magana a hankali, mutum ɗaya a lokaci guda. Kada ku ce masa "bar shi kawai, ba komai". Wannan kalma ta fi kurumtar zafi.

Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ce ranar ji ta duniya, wasu asibitoci sukan yi gwaji a lokacin, ku sa ido. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa maganar ciwon ido da ƙurar hanya. Allah ya tsare mana ji da gani, ya kai kowa gida lafiya.