Roger Williamson: Tsere Biyu Kacal a Formula One

Ba kowane mai bibiyar tseren motoci ne ya san sunan Roger Williamson ba, domin sau biyu kawai ya shiga Formula One, gasar da ta fi kowace girma a wannan fanni. Ɗan Ingila ne, haifaffen yankin Leicestershire a 1948. Ya ci kambun Formula Three na Birtaniya a 1971 da 1972. Attajirin nan Tom Wheatcroft, mai filin tsere na Donington Park a lokacin, shi ya ɗauki nauyinsa har ya kai babbar gasa.

Tserensa na farko, a Silverstone a 1973, bai je ko'ina ba. A ƙarshen zagayen farko motar Jody Scheckter ta ƙwace, motoci suka yi ta karo da juna, har da ta Williamson.

Na biyun ya zo ranar 29 ga Yuli, a Zandvoort ta ƙasar Holan. A zagaye na takwas motarsa ƙirar March ta daki shingen ƙarfe, ana zaton taya ce ta fashe. Ta kife, ta ja a ƙasa, wuta ta tashi. Karon bai kashe shi ba, yana ciki da ransa. Wani direba ɗan ƙasarsu, David Purley, ya tsayar da motarsa, ya tsallaka hanya a guje, ya sa ƙarfi yana neman birkito motar shi kaɗai. Ya karɓi tukunyar kashe gobara ya fesa har ta ƙare. Ma'aikatan da ke gefen hanya ba su da tufafin da wuta ba ta ci, don haka suka kasa matsowa. Ba a dakatar da tseren ba, tuta mai ruwan ɗorawa kawai aka ɗaga, alamar a rage gudu. Wasu direbobin ma sun ɗauka Purley ne mai motar, ya riga ya tsira. Kafin motar kashe gobara ta iso, hayaƙi ya shaƙe Williamson ya rasu, yana da shekara 25.

A ganina wannan sakaci ne na masu shirya gasa, waɗanda suka tara motoci cike da fetur ba tare da tanadin kirki na kashe wuta ba. Jackie Stewart ne ya ci tseren ranar. An ba Purley lambar jarunta ta George Medal, sannan a 2003 aka kafa mutum-mutumin Williamson a Donington Park.