Gidan Siminti Ga 'Yar Cin Rani: Yadda Turai Ke Gina Wa Tsattsewa Sheƙa

A ƙauyen Krofdorf-Gleiberg da ke jihar Hessen ta ƙasar Jamus akwai wani gini da kan ɗaure wa baƙo kai. Dogon turke ne guda ɗaya da aka ɗora wa rufi kamar laima, babu ɗaki, babu ƙofa, babu matakala. Sai mutum ya tsaya a gindinsa ya ɗaga kai sannan zai ga abin da aka yi shi dominsa: jerin 'yan ƙoƙuna na siminti manne a ƙarƙashin rufin, kowanne da 'yar kafa a bakinsa. Sheƙuna ne ƙirar hannu, kuma tsattsewa aka yi wa su. Masu kishin kare tsuntsaye na yankin ne suka kafa shi a 1991, daga nan garuruwa da dama a Jamus da maƙwabtanta suka kwaikwaya.

Tsattsewar da ake magana a kanta ita ce wadda masana ke kira Delichon urbicum. Tsawonta bai wuce santimita 13 ba, nauyinta kuma bai cika kai giram 20 ba. Bayanta baƙi ne mai sheƙin shuɗi, cikinta da gindin wutsiyarta fari fat, har ƙafafunta ma farin gashi ya lulluɓe su. Shi ya sa Jamusawa ke ce mata Mehlschwalbe, wato tsattsewar garin alkama, kamar wadda ta faɗa cikin buhu ta fito. Asalinta a jikin duwatsu take sheƙa, amma tun ɗaruruwan shekaru ta koma bangon gidajen mutane, can sama a kusurwar da bango ya haɗu da bakin rufi.

Ginin nata irin na zanzaro ne. Mace da namiji kan sauka bakin kududdufi su ɗebo laka da baki, su kai su liƙa, su dawo. Sheƙa ɗaya kan ci ɗiban laka kusan dubu, aikin kuma kan ɗauki mako guda zuwa biyu idan yanayi ya yi kyau. Daga nan a yi ƙwai huɗu ko biyar, a kwanta a kansu kimanin mako biyu, a yi renon 'ya'ya na mako uku zuwa huɗu. Tana isa Turai a watan Afrilu ko Mayu, ta bar ta a Satumba ko Oktoba. A cikin wannan ɗan lokaci ake so ta fitar da 'ya'ya sau biyu, wani lokaci har uku. Duk ranar da ta ɓata wajen neman laka, daga kwanakin renon ake cire ta.

A nan ne ginin zamani ya shiga tsakani. An shimfiɗe hanyoyin gona da farfajiyar gidaje da kwalta da siminti, an cike kududdufai, ga kuma fari da kan afka wa Turai a daidai watannin da tsuntsuwar ke buƙatar taɓo. Ko ta samu lakar, bangon ya sauya. Masu gyaran gidaje sun maye gurbin katako da yaɓe mai kaushi da roba mai santsi da fenti mai korar ruwa, waɗanda laka ba ta kama su sosai. Sheƙa kan rufto ƙasa da 'ya'ya a ciki. Sai kuma mai gida da ya gaji da kashin tsuntsu a kan tagarsa, ya ɗauki gora ya kakkaɓe abin da aka yi kwanaki ana ginawa.

Dokokin ƙasashen sun hana wannan. A Birtaniya, dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake ginawa ko ake amfani da ita. Ta Jamus ta fi tsauri, domin tana kare sheƙar tsattsewa ko da masu ita sun yi tafiya, tun da wurin suke dawowa kowace shekara. Wanda zai yi wa gini kwaskwarima dole ya nemi izinin hukuma, kuma galibi akan shar'anta masa ya kafa sheƙunan wucin gadi a madadin waɗanda ya cire. Duk da haka adadin tsuntsuwar ya ci gaba da raguwa, musamman a kudancin Ingila, har a watan Disambar 2021 aka sanya ta cikin jan jerin tsuntsayen da halinsu ya fi tayar da hankali a Birtaniya.

Sheƙar wucin gadi ba ta da wani sarƙaƙiya. Akan cuɗa siminti da dusar katako a zuba a mazubi mai siffar rabin ƙwarya, a bar 'yar kafa a sama daidai jikin tsattsewa, yadda gwara ba za ta iya kutsawa ta ƙwace gidan ba, domin ita ce babbar mai yi mata fin ƙarfi. Akan kafa ta can sama, mita huɗu ko fiye, a ƙarƙashin bakin rufi, nesa da rana mai zafi, inda babu reshen itace da zai tare hanyar shiga. Ba a kafa guda ɗaya tilo, saboda tsattsewa 'yar zaman unguwa ce. Biyu, huɗu ko fiye ake jerawa, kuma an fi dacewa idan akwai 'yan uwanta a kusa. Maganin kashi kuwa faifan katako ne da ake kafawa kimanin rabin mita ƙasa da sheƙar. Idan ya matso sama da yawa sai ya zama matakalar kyanwa da sauran mafarauta. Wasu kan ƙara da ajiye faranti mai faɗi cike da jiƙaƙƙiyar laka a fili, domin masu son yin nasu ginin.

Duk ma'aikacin da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja ya san bambancin wanda ya tarar da makulli na jiransa da wanda ya shafe watanni yana bin dillalai. Haka abin yake ga tsuntsuwar. Binciken da ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta Birtaniya, BTO, ta gudanar tare da 'yan sa kai daga 2015 zuwa 2017 ya nuna cewa waɗanda suka tarar da tsohuwar sheƙa ko ta wucin gadi sun fi saurin fara ƙwai kuma sun fi samun nasara, yayin da sheƙunan da aka liƙa a jikin roba suka fi fuskantar asara. A Jamus ƙungiyar NABU har lambar yabo take bai wa gidan da ya yarda ya zauna da tsattsewa, a manna a bango kowa ya gani.

Sai dai abin ba ya rasa nasa matsalolin. Akwai sheƙunan da kan yi shekaru babu wanda ya leƙa su, har wasu masu gida kan kunna faifan kukan tsattsewa da asuba don jan hankalinta. Sheƙar laka kan faɗi da kanta bayan 'yan shekaru ta tafi da ƙuma da kuɗin cizon da suka taru a ciki. Ta siminti ba ta faɗuwa, don haka sai an sauke an share ta a lokacin hunturu. Mafi girma kuma, siminti ba ya ƙosar da ciki. Ƙwari masu tashi ne kaɗai abincin tsattsewa, a sama take cafke su, kuma wani bincike da aka wallafa a 2017 ya gano cewa jimillar nauyin irin waɗannan ƙwari ta ragu da fiye da kashi 75 cikin ɗari a wuraren da aka keɓe a Jamus cikin shekaru 27. A ganina, gwamnatin da ta tsaya ga rabon sheƙuna ta ƙyale batun magungunan feshi a gonaki ta zaɓi ɓangaren aikin da ya fi arha ne kawai.

Ragowar rabin shekarar tsuntsuwar kuwa a nahiyarmu take yin sa. Idan sanyi ya kunno kai a Turai sai ta ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, ta iso daidai lokacin da damina ke ɗaukewa a Arewa: cin rani sak. Inda take sauka ya daɗe yana ba masana wahala, domin can ƙololuwar sama take kiwo, ba kasafai ake ganin ta ba. Ta bambanta da 'yar uwarta mai dogon reshen wutsiya, wadda ke taruwa da ɗimbin yawa tana kwana a ciyayin tsaunukan Boje a jihar Kuros Riba. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Bon ta 1979 kan kare dabbobi masu ƙaura, kuma a kusa da Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda ke horar da ɗalibai daga sassan Afirka ta Yamma kan irin wannan bibiya.

Masu bincike a Birtaniya sun sanya wa dubban ɗaruruwan wannan tsattsewa zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, da fatan wani zai tsinci ɗaya ya aiko da labari. Tsawon gomman shekaru, guda ɗaya tak aka samu a kudu da Sahara. A 1984 ne, kuma a Najeriya aka tsince ta.