Amawali da alkyabba: abin da tufafin sarautar Gwandu ke faɗa game da iko

Duk wanda ya halarci naɗin hakimi a Kalgo, ko a wata gunduma ta masarautar Gwandu, zai lura da ɓangaren rawani da ke zagaye haɓa da wuya, wanda akan ja shi sama ya rufe baki. Sunansa amawali. Yana sa mai shi ya taƙaita magana, ya zauna cikin natsuwa, domin ba a son basarake da yawan surutu.

Turawan Ingila ma sun taɓa yin irin wannan ado na nuna matsayi. A farkon ƙarni na 17 manyansu na sanya wata ƙwalar riga mai tauri da ake kira piccadill. Wani tela, Robert Baker, ya yi arziki da sayar da ita, har titin Piccadilly na Landan ya samo suna daga gare ta. Yayin ƙwalar ya wuce tuntuni, suna kaɗai ya rage.

A Gwandu kuwa tufafin suna nan, ikon da ke bayansu ne ya sauya hannu. Bayan rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1817, an samu saɓani tsakanin ƙanensa Abdullahi na Gwandu da ɗansa Muhammadu Bello. Masana tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Kalambaina, Abdullahi ya yi wa Bello mubaya'a, ya kuma miƙa alkyabbarsa ga Giɗaɗo ɗan Laima, alamar ya sallama masa wazirci. A wancan zamani, miƙa alkyabba ya isa ya zama miƙa muƙami.

A yau takardar gwamna ce ke tabbatar da naɗi, ita ce kuma ke warware shi. A 2005 gwamnatin Adamu Aliero ta tuɓe Sarkin Gwandu Mustapha Haruna Jokolo, ta naɗa Muhammad Iliyasu Bashar. Shari'ar ta ɗauki shekara 20, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2025, wanda ya bar Bashar a kan gadon sarauta.

Saboda haka matashin da ke son fahimtar sarauta a Kebbi, kada ya tsaya ga kallon rawani. Ya nemi dokar jihar kan naɗa sarakuna da tuɓe su, ya ga hurumin masu zaɓen sarki, ya ga inda na gwamna ya tsaya.