Tawul, Zane Ko Rigar Wanka: Wanne Ya Dace Da Ɗalibi?

Duk wanda ya taɓa yin wankan asuba da hunturu a Gwandu ko Kalgo ya san ba zuba ruwan ne wahala ba, fitowa ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar da ke kaɗowa daga Sahara kan tarar da mu a jiƙe tsakanin banɗaki da ɗakin kwana, haƙora na karo da juna. A wannan ɗan taƙin, ƙyallen da muka yafa shi ne gatanmu.

Sarkin yadudduka a nan ita ce auduga, domin zarenta na shan ruwa. Kakanninmu sun san haka tun kafin masaƙun zamani, shi ya sa suka saƙa gwado mai kauri don sanyi, mata kuma suka riƙe zane don ɗaurin ƙirji.

Shi kuwa tawul mai gashi-gashi, asalinsa ƙasar Turkiyya ne. Wani Bature mai suna Henry Christy ya gan shi a Istanbul, ya kai samfurinsa Ingila, kamfanin danginsa ya fara saƙa shi da inji, har aka nuna shi a babban baje kolin Landan na 1851. Sirrinsa ƙananan madaukan zaren da ke tsaye a jikinsa, waɗanda ke ƙara masa wurin riƙe ruwa. Da irin wannan yadi ake ɗinka rigar wanka mai ɗamara da muke gani a finafinai. Mutanen Japan ma suna da tasu ta auduga marar nauyi, yukata.

Amma fa a yi hattara a wurin 'yan gwanjo. Yawancin riguna masu laushi kamar gashin mage na foliyesta ne, wato zaren roba. Suna riƙe ɗumi, suna saurin bushewa, sai dai ba su tsane jiki. Ga gwaji mai sauƙi: mu ɗiga ruwa a kan yadin. Idan ya nutse nan take, zai yi aikin wanka. Idan ya tsaya yana gangarawa, wannan ta zaman karatun dare ce kawai.

Akwai kuma batun wuta. Zaren roba narkewa yake ya manne a fata, tawul mai gashi kuma saurin kamawa gare shi. Kada mu kusanci murhu ko garwashin jin ɗumi da riga mai faɗin hannu.

Babban kuskurenmu a makarantun kwana shi ne aron tawul. Ta nan makero da ƙazuwa da ciwon idon da ake kira Afolo ke zagaya ɗaki guda. Ko aminin ƙut-da-ƙut ne, a ba shi haƙuri. Bayan wanka mu shanya a rana, kada mu cusa shi da danshi cikin akwati, mu kuma wanke shi aƙalla sau ɗaya a mako.

To, wanne za mu saya? Rigar wanka mai kauri na cin sabulu da ruwa, ga jinkirin bushewa da damina. Ga ɗalibin da kuɗinsa ƙidayayyu ne, tawul ɗaya na auduga da zane ko jallabiya mai kauri sun wadatar. Idan rigar muke marmari, telan unguwa zai iya haɗa mana ita da manyan tawul biyu. Kafin mu koma makaranta, mu ɗinka sunanmu a gefensa da zare mai launi.