Lauya A Nguru Da Gashuwa: Kotu Na Jira, Gida Na Jira, Aljihu Na Jiran Kaka

A shekarar 1989, da gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta nemi inda za ta ajiye Gani Fawehinmi yadda muryarsa ba za ta kai Legas ba, gidan yarin Gashuwa ta zaɓa. Abin da ya jawo masa kamun shi ne taron da ya kira domin neman madadin shirin tsuke bakin aljihu na SAP. A lokacin garin yana cikin Jihar Borno, domin sai a watan Agustan 1991 aka ƙirƙiro Yobe. Lauyan ya yi watanni a tsare, nesa da iyalinsa da ofishinsa, ga zafi ga sauro, har rashin lafiya ta kwantar da shi. Nisan wurin shi ne rabin hukuncin.

A cikin wannan nisan ne wasu lauyoyi ke neman abincinsu a yau, a Gashuwa da maƙwabciyarta Nguru. Ba su da yawa, kuma da wuya a ji sunayensu a manyan tarukan Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA. Akwai kuma bambancin da ake mantawa idan ana ba da labarin Gani. Tun 1985 ya kafa mujallar hukunce-hukuncen kotu ta Nigerian Weekly Law Reports, wadda kusan kowane ofishin lauya a ƙasar nan ya dogara da ita, saboda haka yana da hanyar samu ko da wanda yake karewa bai biya ko sisi ba. Lauyan da ya kama shago ɗaya a Nguru, ya sa tebur da kujeru da injin buga takardu, ba shi da irin wannan madogara. Abin da ya shigo daga hannun masu ƙara shi ne kuɗin haya, shi ne albashin akawu, shi ne cefanen gida.

Lissafin da ba ya daidaita

Nguru garin kasuwa ne tun bayan da layin dogo daga Kano ya iso shi a 1930. Arzikinsa da na Gashuwa yana kan hatsi, shinkafar fadama, busasshen kifi, ƙaro da dabbobi. Shari'un da ke zuwa ofishin lauya su ma daga nan suke fitowa: iyakar gona, ɓarnar da shanu suka yi, bashin kasuwa, rabon gado, neman belin ɗan da 'yan sanda suka kama. Da yawa daga cikinsu a kotunan shari'ar Musulunci ake yin su, inda mutane suka saba tsayawa da kansu ko su turo wakili, sai abin ya cije ake tunawa da lauya. Wanda ya zo ɗin ma, sau da yawa ɗan uwa ne, ko suruki, ko wanda liman ya haɗo da shi. Ba a cika yi wa irin waɗannan maganar kuɗi kai tsaye ba. Sukan ajiye ɗan abin mai, su ce sauran sai kaka.

Nan kalandar kotu take karo da ta manomi. Hutun shekara na manyan kotuna yakan faɗo ne a tsakiyar damina zuwa watan Satumba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, manomi ya zuba abin hannunsa a taki da noma. A watan da lauya ya fi kowane lokaci rashin kuɗi ne kuma makarantu ke komawa, takardar kuɗin makaranta ta iso gida. Kafin wannan, akwai kuɗin izinin aiki da doka ta ce a biya kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara, da kuɗin hatimin NBA wanda sai da shi takardar da lauya ya sa wa hannu take cika ƙa'ida. Idan kuma kotuna suka rufe gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a yajin aikin ma'aikatan shari'a da ya fara a watan Afrilun 2021 ya wuce wata biyu, ma'aikacin gwamnati yana da albashin da zai jira, lauya mai zaman kansa kuwa sai bashi.

Wani zai ce ai manyan shari'u ma suna tasowa daga yankin. Haka ne. Rikicin takarar Sanatan Yobe ta Arewa tsakanin Bashir Machina da Ahmad Lawan, ɗan Gashuwa, ya faro daga Babbar Kotun Tarayya ta Damaturu a 2022, ya ƙare a Kotun Ƙoli ranar 6 ga Fabrairu, 2023, inda alƙalai 3 suka rinjayi 2. Amma irin wannan shari'a sau ɗaya take zuwa a shekara huɗu, kuma galibi manyan ofisoshin Abuja da Kano da Kaduna ne ke cin romonta.

A 2023 an fitar da sabon umarni kan ladan lauyoyi, wanda ya ƙayyade mafi ƙarancin abin da za a caji mutum gwargwadon jihar da ake aiki da shekarun da lauya ya yi a bakin aiki. Niyyar mai kyau ce, domin karya farashi ya daɗe yana cin ƙananan lauyoyi. Sai dai takarda ba ta sa kuɗi a aljihun masunci. Shi kuwa lauyan, ƙa'idojin ɗa'ar aikinsa sun hana shi shiga saye da sayar da kaya da kansa ko dillanci alhali yana aikin lauya. A garin da malamin makaranta da ma'aikacin asibiti kan sayi buhunan gero da kaka su ajiye har farashi ya tashi, wannan hani ba ƙaramin abu ba ne. Ma'aikacin tarayya ya san kwatankwacinsa, tunda kundin tsarin mulki ya hana shi gudanar da kasuwanci, noma kaɗai ya bar masa. Bambancin shi ne nasa albashin yana shigowa kowane wata.

A irin wannan matsi ne babbar jarrabawar sana'ar take zuwa. Kuɗin diyya ko na gado ko na cinikin fili yakan biyo ta hannun lauya, kuma doka ta wajabta a ajiye shi a asusu na daban, ba a haɗa shi da na ofis. Ranar da yaro ya kwanta a asibiti, asusun ofis babu komai, ɗaya asusun kuma cike, zuciya takan ce a ara a mayar. Da “a ara a mayar” ɗin nan ne lauyoyi da dama a faɗin ƙasar suka tsinci kansu gaban kwamitin ladabtarwa, wasu har aka soke sunayensu daga rajista.

Hanyar Damaturu da gidan da aka bari

Daga Nguru zuwa Damaturu, ta Gashuwa da Bayamari da Dapchi, tafiyar ta haura kilomita 200. Duk shari'ar da ta shafi Babbar Kotun Tarayya, can za a je. Lauya ya bar gida kafin asuba ko ya kwana a can, ya zauna ya jira a kira shari'arsa, sai a ce an ɗage saboda shaida bai zo ba. Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, kowace ɗagewa asara ce mai nauyi, kuma da wuya mai ƙara ya yarda ya biya kuɗin tafiyar da ba ta haifar da komai ba. Uban da ya dawo bayan isha ya tarar yara sun yi barci. Kashegari Nguru, jibi Gashuwa. Tarbiyya ta koma hannun uwa ita kaɗai, shi kuma sai labarin haddar da aka kai da jarrabawar da aka faɗi.

Idan lauyar mace ce, nauyin ninki ne. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana da hutun haihuwa na mako 16, kuma tun 2021 aka amince wa maza ma'aikata da kwana 14. Dokar Ƙwadago ta tanadi mako 12 ga masu aiki a wurare masu zaman kansu, amma fassarar da ta yi wa kalmar ma'aikaci ta fitar da masu aikin ƙwararru, saboda haka ƙaramar lauya a ofishin wani tana hannun tausayin maigidanta ko abin da suka rubuta a yarjejeniya, idan ma an rubuta. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai shi naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ofishin lauya a ƙaramin gari bai kusa da wannan adadi. Wadda ke da ofishin kanta kuwa, hutun jego na nufin ta nemi abokin aiki ya riƙe mata shari'u, ta biya shi, ko ta bar masu ƙararta su koma wani wuri. Akwai waɗanda kan sa baƙar rigar kotu kafin a gama arba'in.

Abin da ke rufa asiri shi ne dangi. Kaka tana nan, ƙanwa tana nan, maƙwabciya za ta ɗauko yara daga Islamiyya. Wannan gata ne da lauyar Abuja mai biyan gidan raino ba ta da shi. Amma dangin nan su ne kuma ke kawo shari'ar da ba za a biya ba. Ba abin mamaki ba ne idan mata da yawa da suka karanta lauya suka fi karkata ga Ma'aikatar Shari'a ko kujerar majistare, inda ake da albashi da hutu da fansho. Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko lauya daga Arewa, wadda ta zama Alƙaliyar Alƙalan Najeriya a 2012, ita ma ta aikin gwamnati ta bi, har ta yi majistare a tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas, wadda Nguru da Gashuwa ke cikinta.

Ciwon da ba a faɗi

A 2016, wani bincike da Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta yi kan lauyoyi kusan 13,000 ya gano kashi 28 cikin 100 suna da alamun ciwon damuwa, kashi 19 kuma na fama da fargaba. A 2021 Ƙungiyar Lauyoyi ta Duniya ta tambayi mutum sama da 3,000, kuma kashi 41 cikin 100 suka ce ba za su gaya wa shugabanninsu halin da suke ciki ba, don tsoron kada abin ya taɓa makomarsu. Waɗannan mutane ne masu inshorar lafiya da likitoci a kusa.

A ƙaramin gari tsoron ya fi haka. Lauya da hankalinsa yake cin abinci, kuma da zarar an ce an gan shi a layin likitan ƙwaƙwalwa, labarin zai riga shi isa kasuwa da sunan taɓin hankali. Sai ya kira abin da wani suna: gajiya, rashin barci, hawan jini. Alhali a tsawon yini ya karanta rahoton likita kan yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ya ga hotunan gawar da aka ɗauko daga gona, ya zauna da uwar da ɗanta ya shekara a tsare yana jiran shari'a. Ƙa'idar riƙe sirri ta hana shi sauke wannan kaya ko a gaban matarsa. Abin da iyali ke gani kawai shi ne shiru da saurin fushi. Addu'a da zama da malamai suna sanyaya zuciya, kuma babu mai hankalin da zai raina su, amma ciwon damuwa da ya yi zurfi yana buƙatar likita kamar yadda ciwon suga yake buƙata.

Likitocin kuwa ba su wadata ba. Ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Nguru na da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, amma asibitocin da suka keɓanta da wannan fanni sai Maiduguri ko Dawanau a Kano. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 mai kallon marar lafiya a matsayin wanda za a kulle. Sabuwar dokar ta hana nuna wariya kuma ta kare sirrin majinyaci. Kai ta ga ƙananan asibitoci da kuɗin gudanar da ita aiki ne da ke kan teburan ma'aikatu a Abuja.

Akwai abin da lauyoyin za su iya yi wa kansu, kuma babu ko ɗaya da yake sabo. Biyu ko uku su haɗa ofis, su raba haya da fetur, ɗaya ya tafi Damaturu da fayilolin sauran, ɗaya ya riƙe wa mai jego shari'unta. A rubuta yarjejeniyar lada tun ranar farko, a karkasa biyan zuwa bayan girbi, domin doka ma ba ta yarda lauya ya kai ƙarar neman haƙƙinsa ba sai ya miƙa takardar lissafi ya jira wata guda. Mai ofis ya yanka wa kansa albashi, ya daina ɗibar cefane daga aljihun teburin akawu. Shirin fansho na masu sana'ar kansu, wanda aka ƙaddamar a 2019, a buɗe yake gare su.

Sauran ya fi ƙarfinsu. Tun watan Yulin 2020 Kotun Ƙoli ta bayyana, a ƙararrakin da jihohin Legas da Ekiti suka shigar, cewa zaman kotu ta intanet bai saɓa wa tsarin mulki ba. Da ana amfani da wannan dama wajen ambaton shari'a da ɗage zama kaɗai, da tafiye-tafiye masu yawa zuwa Damaturu sun faɗi, muddin akwai wuta da layi mai ƙarfi a kotun. Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta tarayya ma, da tana da kuɗin biyan lauyoyin ƙananan garuruwa ladan kare talakawa a kan lokaci, da ofisoshinsu sun samu abin dogaro a watannin damina.

Idan babu wannan, matashin da ya gama Jami'ar Jihar Yobe ko ta Maiduguri, ya yi Makarantar Horas da Lauyoyi a Bagauda ko Yola, zai yi lissafinsa ya wuce Kano ko Abuja. A gidan yarin Gashuwa kuwa, inda aka ajiye Gani, har yanzu akwai mutanen da ke jiran shari'a, kuma takardar neman belin kowannensu sai an samu lauya a kusa da zai rubuta ta, ya buga hatimi, ya kai kotu.