Daushe: Tsohon goron da ake yanke wa daraja da haƙori a Funtua da Malumfashi

Ba a noman goro a Funtua, ba a noman shi a Malumfashi. Ƙasar nan ta masara ce da dawa da auduga da waken soya. Amma da wuya a ɗaura aure ko a raɗa wa jariri suna a Bakori ko Ɗanja ko Ƙafur ba a raba goro ba, kuma manomin da ya sayar da buhunan masararsa da kaka yakan ware wani abu daga kuɗin ya nufi rumfar 'yan goro.

A rumfar ce ake wata sana'a da ba a cika lura da ita ba, wato tantance goro. Ba ta da makaranta, ba ta da takardar shaida. Kayan aikinta ido ne da yatsa da haƙori, kuma hukuncin da ta yanke shi ke raba goron da za a saya da tsada da wanda za a karyar.

Yadda ake ɗanɗanawa

Gwanin goro ba ya fara da baki. Zai ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta, ya ji nauyinta a tafin hannu, ya duba ko fatarta a miƙe take ko ta soma yamushewa. Yana neman ɗan ƙaramin rami, alamar sankara, ƙwaron da ke cin goro ta ciki ya bar bayansa sumul. Daga nan sai ya ɓara shi. Goro mai lafiya yakan rabu biyu da ƙara, cikinsa tas babu baƙin tabo.

Sai a zo ga tauna. Ɗaci ne ke fara zuwa, ɓauri ya biyo baya ya kama harshe da dasashi. Abin da mai tantancewa ke jira shi ne na ƙarshe: ɗacin nan zai lafa ya bar garɗi da ɗan zaƙi a maƙogwaro, ko zai tsaya ne ya ƙi tafiya? Tsofaffin maciya goro kan kurɓi ruwa bayan tauna, don goron kirki yakan sa ruwa ya yi zaƙi a baki. Idan kuma yauƙi ya yi yawa, daraja ta faɗi. Shi ya sa hannun-ruwa, mai ɓari uku zuwa sama, wanda Yarbawa da Ibo ke girmamawa wajen al'adunsu, bai taɓa samun kasuwa a ƙasar Hausa kamar goro mai ɓari biyu ba.

Girma ma na da nasa suna. Akwai goriya da marsa, manyan da ake zaɓa don kai gaisuwa gidan surukai ko fada, akwai minu, ƙananan da ake rabawa a taro. Akwai fari, akwai ja, kuma fari ya fi tsada a mafi yawan lokuta. Har yau da ƙwarya ake ƙirga, wato ɗari.

Me ya sa tsohon ya fi sabo?

Babban girbin goro a Kudu maso Yamma, a jihohi irin su Ogun da Ondo da Osun da Ekiti, yana zuwa ne daga wajen Oktoba zuwa Disamba, daidai lokacin da kuɗin amfanin gona ke shiga hannun manoman kudancin Katsina. Sabon goro yakan cika kasuwa a lokacin, ga araha. Sai dai masana ba sa yi masa rawar jiki. Ruwa ya yi masa yawa, ɗacinsa ɗanye ne, ɓaurinsa na da kaifi.

Wanda suke nema shi ne daushe, goron da ya kwana ya tashi a ajiya har ya riski wata kakar. A cikin watannin nan ruwan jikinsa na raguwa a hankali, ya yi tauri, ɗacin ya kwanta, garɗin ya fito. Ba kowane goro ke kai wa nan ba. Wanda aka tsinka bai nuna ba, ko aka ji masa rauni wajen ɓare kwanso, ko ba a bar shi ya tsane sosai ba bayan wanki, a hanya zai ruɓe. Ƙwarewar ɗan goro ta gaskiya ita ce ya taɓa sabon kaya a watan Nuwamba ya san wanda zai iya kai wa damina.

Ajiyar kanta aiki ce. Ana shimfiɗa ganyen fita a kwando ko huhu, a jera goro, a rufe, a ajiye a inuwa. Lokaci-lokaci a kwance, a tsince wanda ya lalace, a sauya ganye. A Arewa babban abokin gaba shi ne iskar hunturu, mai busar da goro cikin 'yan kwanaki idan aka yi sakaci, don haka za ka ga mai tebur yana ta yayyafa wa tsumman da ya lulluɓe kayansa ruwa. Kowace ƙwaya da aka zubar, kuɗinta na komawa kan waɗanda suka rage. Tsadar daushe ke nan.

Can Italiya maki ake bayarwa

Wannan tunani na abin da ke gyaruwa da daɗewa ba na Hausawa kaɗai ba ne. A Italiya an gina babbar masana'anta a kansa, kodayake a kan abin da mai karatu a Funtua ba ya kusanta, wato jar giyar inabi. Dokar ƙasar ta hana a fitar da Barolo, ta yankin Piemonte, sai ta yi aƙalla wata 38 a ajiya. Brunello di Montalcino, ta Tuskani, sai a shekara ta biyar bayan girbi take shiga kasuwa.

Abin da suke jira ya kwanta shi ne sinadarin tanin, kuma dangin wannan sinadari ne ke ba goro ɓaurinsa. Bambancin shi ne su suna rubutawa. Ba'amurke Robert Parker, wanda ya kafa mujallar The Wine Advocate a 1978, shi ya yaɗa tsarin maki 100. Kundin Gambero Rosso na Italiya kuma alamar kofi uku yake bai wa waɗanda suka yi zarra. Masu sharhin kan bayyana ɗanɗano, su ba da maki, har su yi hasashen shekarun da abin zai kai ƙololuwar daɗinsa, kuma maki ɗaya ko biyu kan motsa farashi.

Ɗan goro na yin kusan duk wannan, amma a ka. Hukuncinsa ba ya wuce rumfarsa da abokan cinikinsa, kuma ranar da ya rasu, da ilminsa ake binne shi sai abin da yaransa suka tsinta.

Daga Gwanja zuwa Mariri

Sunan wuri ma na cikin darajar goro tun da daɗewa. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan yi watanni a hanya zuwa Gwanja, su sayo goron ƙasar Ashanti a kasuwar Salaga, a Ghana ta yau. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan wannan fatauci, ya nuna rawar da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka taka. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da goro ya fara tara dukiya kafin gyaɗa. Goron Labuje na ƙasar Nufe kuwa ya yi suna a matsayin na sarakuna.

Jirgin ƙasa ne ya sauya taswirar. Dogo ya isa Kano a 1911, layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda da ya ratsa Funtua kuma aka kammala shi a 1929. Manoman ƙasar Yarbawa suka rungumi shuka irin goron da Arewa ke so, Hausawa suka kafa zango a Shagamu da Agege da Sabon Ibadan. Yau manyan motoci ke ɗauko shi, kasuwar Mariri a Kano na cikin manyan wuraren sauke shi, kuma alƙaluman Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na sanya Najeriya a gaban kowace ƙasa wajen noman goro.

Abin da harshe ba ya ganewa

A nan ne tsarin ɗanɗano ke da rauni. Tun da sankara na iya cinye jarin mutum a ajiya, wasu masu adana goro kan nemi gajeriyar hanya, su sa masa maganin ƙwari. Masu bincike a Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya da ke Ibadan, wadda goro ke cikin amfanin da take kula da su, sun sha jan kunne kan wannan ɗabi'a. Cikin magungunan da aka riƙa ambata har da Gammalin 20, mai ɗauke da lindane, sinadarin da Yarjejeniyar Stockholm ta sa cikin jerin waɗanda za a daina amfani da su a 2009.

Masara ana wanke ta, a surfa, a dafa. Goro ɗanye ake ci, sau da yawa ko wankewa ba a yi. Kuma goron da ya fi daɗewa a ajiya, wanda aka fi biya da tsada, shi ya fi fuskantar yiwuwar an sa masa wani abu. Fata sumul babu ramin ƙwaro ko ɗaya na iya zama shaidar kulawa, tana kuma iya zama shaidar magani. Gwanin da ke gane goron wata takwas daga na wata uku da tauna ɗaya ba shi da hanyar auna ragowar guba, kuma babu wata takarda da ke biyo huhu daga Shagamu zuwa Funtua ta faɗi abin da aka zuba masa.

Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya san a hannun wa yake saye, ya shinshina kafin ya biya, ya guji duk goron da ke da wari irin na kanti maimakon ƙanshin ganye, ya kuma wanke shi kafin a kai faranti.

Su ma masu cin suna raguwa. A ɗaurin aure da yawa yanzu, alewa da dabino da cingam ne ke fara ƙarewa a tire, matasa su tura wa dattawan da ke sahun gaba goron. Dattawan kuwa har yanzu sai sun juya shi a hannu, sun duba, kafin su jefa a aljihu.